Rabon Ruwa a Kwarin Kolka

Daren Laraba, ajin 'yan firamare,
mu ashirin da uku kan kujerun yara,
gwiwa na gaisawa da haɓa,
sanyin duwatsun Peru na shigowa ta ƙasan ƙofa.
Ni, Eusebia, aka danƙa wa littafi da biro,
aka ce bana ke ce shugabar ruwa.

Don Fortunato bai zauna ba.
Gona bakwai gare shi, da motar dakon dankali,
muryarsa kan riga shi shiga ɗaki.
Laifin fari ne, laifin gwamnati ne,
laifin 'yan gangare masu satar ruwa da dare.
Minti ashirin, agogon bango ne shaida,
duk wanda ya ja numfashi zai ce wani abu
sai ya ji an taka masa kalmar
tun ba ta kai ga fitowa.

Mahaifina ya riƙe littafin nan kafin ni.
Shi tebur yake bugawa.
Ɗaki kan yi tsit, na gani da idona,
amma kowa kan koma gida da maganarsa
kamar tsakuwa a takalmi,
ana tafiya tana sukuwa.

Ni magudana ce ta raine ni.
Ba a tare ambaliya da ƙirji,
gefe ake sara mata ta samu wurin wucewa.

Na ce, Don Fortunato, tsaya in ga ko na ji ka.
Na karanta masa abu uku da ya faɗa,
na ƙara da na huɗu da bai faɗa ba:
kana tsoron masararka ta bushe a tsaye.
Ya buɗe baki. Ya rufe.
Na miƙa masa alli.
Rubutunka ya fi na kowa kyau, na ce,
kama mana abin da za su faɗa, kar ya ɓace.
Ya karɓa yana hararar allin,
ya juya mana baya, yana tsakin da ba ya ƙarewa.

Sai na bi layi, kujera kujera.
Leoncio ya tauna ganyensa, ya ce a wuce.
Na zo kan Hermelinda, mai takaba,
tana saƙa hular da ba ta ɗago kai daga kanta ba.
Na jira.
Na ƙirga talatin a zuci.
Shirun ya yi nauyi har benci ya yi ƙara.
Mai alli ya gyara murya,
na ɗaga yatsa ɗaya ban dube shi ba,
idona na kan allurar da ta daina motsawa.

Da harshen Kecuwa ta yi magana, ƙasa ƙasa:
Ba wanda ke sata.
Magudana ta tsage ƙarƙashin itacen turare,
wata uku ke nan tumakina a nan suke sha.
Wani ya ce, don me ba ki faɗa ba?
Ta ce, ta wace kafa?
Ta koma kan saƙarta tana ƙirgawa.

Alli ya karye a hannun Fortunato.
Ya duƙa ya tsinci guntun,
ya rubuta: itacen turare.
Ya ce siminti buhu shida, motata, Asabar.
Sannan ya shiga bayanin siminti,
yadda ake kwaɓawa, wanda ya koya masa,
na bar shi minti biyar. Hali zanen dutse,
dare ɗaya ba ya gogewa.

A hanyar gida na taɓa aljihu:
shafi uku, jawabin da na kwana ina shiryawa,
ko layi ɗaya ban karanta ba.
Itacen murhu ya jiƙe da raɓa.
Da su na hura wuta,
na ɗora tukunyar ruwa.